Ni duwatsu nake son gani, maigida katanga yake son ɗagawa

Anti, assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a nan Bauchi, ina da yara huɗu. Tun da muka yi aure a gidan haya muke, in ka buɗe taga bangon wani za ka gani. Bara Allah ya hore mana muka sayi fili ƙafa 100 a 100 ta hanyar Dass, gaba da Yelwa, har da kuɗin gadona a ciki. Ni na dage a kan filin, don akwai duwatsu ta yammacinsa, da damina su yi kore shar, in na tsaya ina kallonsu sai in ji hankalina ya kwanta. Wanda ya zana mana gidan ya yi bene da baranda da ƙaton gilashi yana fuskantar duwatsun. To maƙwabcinmu na yamma dattijo ne mai iyali, gidansa na ƙasa ne. Da ya ji labari sai ya aiko cewa a ji tsoron Allah, matansa a tsakar gida suke wuni. Tun ranar maigida ya ce a soke barandar, a toshe duk wata taga ta yamma, katanga kuma a kai ta ƙafa 12. Na ce gidan yari zai gina mini. Ya ce dama so nake duniya ta riƙa kallona. Maganar ta yi mini zafi, yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Hajiyarsa ma tare za mu zauna, kuma da kaka za a haƙa harsashi. Anti, in haƙura ne ko in tsaya a kan bakana?

Maman yara, Bauchi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya alheri a filin, ya nuna mana ranar tarewa.

Zan fara da wanda ba ki tambaye ni a kansa ba, wato dattijon nan, domin shi ne ya fi ku gaskiya ku duka. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya ratsa wurin da aka kawo hadisin "ba cuta, ba cutarwa", aka bi shi da misalai. Misalin farko shi ne mutum ya buɗe taga kusa wadda zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa ta cikinta, na biyu ya buɗe ƙofa daidai saitin ƙofarsa. Ya kuma inganta daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa saboda ido aka sanya neman izini. A unguwannin cikin gari, in za a hau rufi gyaran kwano ko tanki, ai sai an tura yaro ya faɗa wa maƙwabta za a hau sama, mata su kimtsa. Barandar da aka zana muku hawa sama ce ta kullum, safe da yamma, ba yaron da za a tura. Matar da ta ɗaura zani a ƙirji tana wanki a tsakar gidanta tana da haƙƙin kada kowa ya hango ta, ko da mai hangen mace ce 'yar'uwarta, balle ke kin san ba ke kaɗai za ki hau benen ba: akwai maigida, akwai ƙannensa, yaranki maza ma girma za su yi. Wannan kam ki sallama shi da zuciya ɗaya.

Sai maigida. Maganar da ya faɗa miki ba daidai ba ce. Son gani daban, son a gan ka daban, kuma macen da ta shekara da shekaru tana buɗe taga tana cin karo da bangon wani ba ta yi laifi ba don ta nemi inda idonta zai miƙe. Amma ki lura da yadda abin ya zo masa. Dattijo ya aiko masa da "a ji tsoron Allah" a unguwar da bai ma tare ba. Kunya ce ta kama shi, ya ga kamar an ɗauke shi mutumin da bai san mutunci ba, shi ya sa ya zarce. In an toshe tagogi, me katangar ƙafa 12 za ta tare? In kuma katanga ce maganin, me ya kawo toshe tagogi? Wanda ke haɗa su biyun ba lissafin gini yake yi ba, so yake a shaida shi mai kishin iyali ne. Ke ma kuma "gidan yari" ba ƙaramar magana ba ce a kunnen mutumin da ya tara kuɗinsa da guminsa zai yi wa iyalinsa muhalli.

Shawarar tasa tana da illar da bai hango ba. Iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma take kaɗowa, kuma ɗaki ba ya shan iska sai tana da mashiga da mafita a bango biyu. A toshe yamma gaba ɗaya, an rufe wa iskar ƙofa ke nan, sai dogaro da fanka da na'urar sanyi a garin da kowa ya san halin wutarsa. Katanga mai wannan tsawo kuma ba jera bulo kawai ba ce. Tana son harsashi mai faɗi da ginshiƙan rodi kusa-kusa, in ba haka ba iskar hadarin farko ta kwantar da ita, wataƙila ma cikin gidan dattijon da ake ƙoƙarin kyautata wa. Ta kuma tare masa hasken safe da iska. Ƙafa takwas, wato layin bulo goma ko kusa da haka, ta ishi gidan mutunci.

Kada ki yi murna tukuna, ƙaton gilashin nan ma ban goyi bayansa ba, ko da babu maƙwabci ko ɗaya.

Bauchi tana wajen digiri 10 ne arewa da layin Ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Da tsakar rana, rana kusan a kanmu take tsayawa: daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ta ɗan karkata arewa, sauran watannin ta karkata kudu. Shi ya sa tagar kudu ko ta arewa ba ta da wahalar karewa, ɗan rufin kankare na ƙafa biyu a samanta ya tare mafi yawan zafin. Tagar yamma ba ta jin wannan magani, don bayan la'asar rana ta sauko ƙasa-ƙasa, kai tsaye take shigowa ta ƙarƙashin kowane irin rufi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan doshi maki 40, gilashi mai faɗin bango zai zuba wa ɗakin zafin da tayil da bango za su riƙe har tsakar dare. Ki zaga sabbin unguwanni ki duba gidajen da aka yi wa irin wannan gilashi. Labule mai kauri a sake, dare da rana, shekara da shekaru. An biya kuɗin gilashi, an biya kuɗin labulen da zai rufe shi, an biya kuɗin man inji don sanyaya ɗakin, ba a ga komai ba.

Masu sayar da gilashi za su ce miki akwai mai madubi, na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Gaskiya ne, amma da rana kawai. Gilashin yana ɓoye ɓangaren da ya fi duhu ne. Da zarar magariba ta yi kuka kunna fitila, abin ya juye: ke ki ga fuskarki a gilashi, mai wucewa a titi ya ga falonki fes, har da abin da ke kan tebur. Gidaje da yawa sun yi watanni ba su sani ba sai da wani mai kirki ya faɗa musu. Sannan irin wannan gilashi, ko a inda yake aiki, ku yake ɓoyewa. Bai ɓoye matan dattijo daga idonku ba, alhali kukansa ke nan.

To ina mafita? Tana cikin wasiƙarki, ba ki dai lura ba. Duwatsun suna nesa, suna sama. Tsakar gidan maƙwabci tana kusa, tana ƙasa. Ba layi ɗaya ido ke bi zuwa gare su ba. Aikin mai zane shi ne ya buɗe layin sama ya datse na ƙasa, kuma ana yin haka da tef da igiya, ba da cacar baki ba.

Ga lissafi a harshen magina. Daɓen bene yakan kai ƙafa 11 daga ƙasa, idon mai tsaye a kansa kuma ya ƙara ƙafa biyar, ya zama 16. Katanga ƙafa takwas rabin wannan ce. Don haka duk nisan da ke tsakanin benenku da katangar, daidai shi ne nisan ƙasar da katangar ke ɓoyewa a gidan maƙwabci. In ginin ya matso har ƙafa 10 daga katanga, ƙafa 10 na ƙasarsa kawai ke ɓoye, mutum a tsaye kuwa in ya matsa taku biyu daga jikin bango an hango kansa. In aka ja ginin baya ƙafa 40, ƙafa 40 na ƙasarsa sun ɓoye, mai tsaye kuma yana da wajen ƙafa 15 da zai yi zirga-zirga ba a gan shi ba. Filinku ƙafa 100 ne, kuna da wannan sarari. A tura ginin gabas, a bar yamma fili, wurin ajiye mota da 'yan shuke-shuke. Wannan ja da baya kuma shi ne zai ba na ƙasa damar hango kan duwatsun ta saman katanga, domin wanda ya manne da bango ba ya ganin abin da ke bayansa, sai wanda ya ja baya.

Ja da baya ya rage matsalar, bai kashe ta ba. Sauran aikin a barandar yake. Irin wadda aka saba yi, siririya da ke liƙe a jikin gida da ƙarafan silba, ba ta da amfani a ƙasar nan: ba inuwa, ba sutura, ƙarshenta shanyar kaya. Ki nemi a mayar da ita ɗaki mai buɗaɗɗen gaba, wanda ya nutse cikin ginin, zurfinsa ƙafa takwas zuwa goma, da rufi a kansa da bango hagu da dama. Rufin mai wannan zurfi yana tare rana daga bangon ciki har gab da la'asar. A bakin gaba a yi bango na gaske, ba ƙarafa ba, layin bulo biyar zuwa shida. A jikinsa ta ciki a gina kwamin fulawa mai faɗin ƙafa uku. Ba don ado na ce a yi kwamin ba, aikinsa ya hana mutum isa bakin bango ya leƙa ƙasa. In saman bangon ya gaza idon mai tsaye da rabin ƙafa, shi kuma kwami ya riƙe shi ƙafa uku baya, kallonsa ba zai taɓa ƙasa ba sai bayan kusan ƙafa 100. Amma fa a auna da wanda ya fi kowa tsawo a gidan, don dogon mutum na iya rage wannan nisa zuwa rabi. Wurin zama kuma a yi shi dakali a jikin bangon baya, a ɗan ɗaga shi yadda idon mai zaune zai yi daidai da saman bangon gaba. Daga nan ba abin da za ki gani sai duwatsu da sararin samaniya. Rufin kwanon maƙwabta, tankunansu, igiyar shanyarsu, duk sun faɗa ƙasa da layi. Kallon ma ya fi kyau haka. Haka nan na ƙasa ba ya ganin mai zaune a dakalin, ko mayafi ba kya buƙata.

Injiniya ya san da nauyin kwamin tun a zane, don ƙasa mai jiƙe tana da nauyi, a kuma shafe cikinsa da maganin yoyo a fitar masa da indararo. Ruwan Agusta ba ya yafe wa dekin da aka yi wa ha'inci. Saboda yara kuma, kada kwamin ya zama matakalar hawa bango: a rufe sararin da ya rage tsakanin bango da rufi da raga mai ƙarfi ko ƙarafa marasa kauri, tazararsu kada ta wuce inci huɗu, yadda kan yaro ba zai shige ba. Ragar sauro ma za ta samu wurin kamawa. Abu ɗaya da yamma ta fi gabas da shi: hadarinmu daga gabas yake tasowa da iskarsa, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas, saboda haka wannan baranda tana bayan gida ne ga su biyun.

Sauran tagogin bene da ke kallon yamma, na ɗakin kwana da na bayi, ba sai an toshe su ba. A ɗaga su. Birkila ya saba fara taga a layi na huɗu, ku ce masa ya fara a na bakwai, ya yi ta doguwa a kwance, ba a tsaye ba. Layi bakwai ya haura idon mafi yawan mutane. Iska mai zafi da ke taruwa a sama ta samu mafita, haske ya shigo, kina kwance a gado kina ganin gajimare, ba wanda ya ga wani. Wannan ba sabon abu ba ne, ƙananan tagogin sorayen zamanin da, can sama ake huda su. Na bayi a sa gilashi mai hazo.

In akwai wurin da kike son buɗewa sosai, a yi masa shamaki mai huji. Wanda ya je Jidda ya shiga tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ya ga tagogin katako da suka turo kai waje, an sassaƙa su raga-raga, suna kiransu rawashin. Mata na zaune a ciki suna shan iskar teku suna ganin titi, na titi ba ya ganinsu. Bulo mai huji da ake bugawa a nan garin, ko katako ko ƙarfe da aka jera a tsaye kusa-kusa, aikin da suke yi ke nan, suna kuma karya ranar yamma. Sai dai sharaɗin gilashin madubi yana kansu su ma: da dare in fitila na ciki, ana ganin inuwar mutum, don haka labule mara nauyi ba ya raina kansa. Shamaki kuma ku yake suturtawa, ba maƙwabci ba. Wanda ya kafa ido a huji zai ga ƙasa. A sa shi inda ke kallon titi ko fili, ba inda ke kallon tsakar gidan mutane ba.

Akwai abin da nake so ki gwada kafin komai. Ki je filin da sassafe, ki kuma koma bayan la'asar. Dutsen da ke yamma da safe yake nuna kansa, lokacin da rana ke bayanki tana haska shi, ki ga kowane tsagi da kowace bishiya. Da yamma rana na bayansa tana dukan idonki, sai baƙin tsari kawai, har sai ta kusa faɗuwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa akwai ranakun da hazo zai shafe shi ɗungum. Ashe kallon da kike faɗa a kansa na safiya ne da na gab da magariba, na damina da kaka, kuma waɗannan su ne lokutan da zama a baranda ke da daɗi. Ba ya buƙatar bangon gilashi. In kuma duwatsun sun miƙa ta kudu, a karkata bakin barandar can. A watannin tsananin zafi rana tana faɗuwa ne daidai yamma ko ta ɗan gota arewa, don haka duk karkatar da aka yi kudu ragin zafi ne, wataƙila kuma ta kawar da fuskarku daga gidan dattijon baki ɗaya.

Ki sa ido a kan wanda za a ba wa wurin. Abin da aka saba, kusurwa mafi kyau a gida takan tafi ɗakin maigida ko falon baƙi, wuraren da ke kulle yawancin yini. Barandar ta fita daga falon iyali na sama, matakalar hawa kuma ta tashi daga cikin gida, ba daga falon maza ba, yadda ke da 'yan matanki za ku hau ku sauka ko da baƙi sun cika gidan. Maginan zamanin da sun warware wannan tuntuni: ƙofar zaure ba ta saitin ƙofar shigifa, mai sallama ba ya ganin cikin gida ko an bar komai a buɗe. A yi haka tsakanin get, ƙofar falon baƙi da ƙofar iyali. Hajiya kuwa ba hawa bene za ta riƙa yi ba. A ba ta ɗaki a ƙasa da 'yar rumfa mai kallon filin yamma, a ɗaga daɓen ƙasa da layi biyu ko uku, wanda dama yana da kyau saboda ruwa. In an ja ginin baya yadda na ce, tana iya zama a tabarmarta da carbi tana ganin kan dutsen ta saman katanga. In kika samu Hajiya ta so wurin, rabin shari'arki ta ƙare.

Tsakar gidanku ta aiki, inda za a yi wanki da shanya da girkin suna, a ajiye ta ta gabas, bayan ginin. Da yamma inuwar benen za ta rufe ta. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Takardar filinki ba ta haɗa da duwatsun ba. Yau gidan dattijo na ƙasa ne, gobe shi ko magadansa ko wanda ya saya na iya ɗora bene, wani ma ya gina a gaba da shi. Ranar da haka ta faru, ku ne za ku koma masu aika saƙon "a ji tsoron Allah". In wurin zaman matanku yana bayan ginin, jikin gidanku ya kare ku. Ki roƙi mai zane ya duba taswirar unguwar ya ga abin da aka ware tsakaninku da duwatsun, filayen gidaje ne, hanya ce ko makaranta. Wannan ma dalili ne na kada a zuba dukiya a gilashi saboda kallon da ba ku da iko da shi. Bishiya kuma a yi hattara: dogayen sirara da ake jerawa a jikin katanga suna ƙara sutura, amma mangwaro ko dogon yaro a filin yamma cikin 'yan shekaru zai cinye kallon, saiwarsa kuma ba ta jituwa da harsashi da ramin bayi.

Yanzu yadda za ki ɓullo wa maigida. Kada ki kai masa wannan amsa ki ce ga shi an ce ba ka da gaskiya. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki fara da abin da kika sallama: "Baban yara, na yi tunani, dattijon nan yana da gaskiya, ni ma ba zan so a hango ni ba. Gilashin nan na haƙura da shi." Ki ba shi haƙuri a kan gidan yari. Sannan ki faɗa masa, ba da kuka ba, ba da gori ba, cewa maganar a riƙa kallonki ta ƙona miki rai, don ya san ba halinki ba ne. Daga nan ki roƙi abu ɗaya tak: kafin a soke komai, a gwada a fili. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Gwajin ba shi da tsada. Kafinta ya haɗa ɗan dandamalin katako mai ƙarfi, tsawon ƙafa 11, a daidai inda barandar za ta zauna. A kafa gora biyu a gabansa a ɗaura zana ko tabarma a matsayin bangon gaba, a riƙa ɗaga ta ana saukewa har a samu inda gidan maƙwabci ya ɓace, duwatsu suka rage. A auna wannan tsawo da tef a rubuta, shi za a ba birkila. Kafin kowa ya hau, a tura yaro gidan dattijo a ce za a hau sama. Ya fi kyau ma maigida ya taka da kansa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, saƙonka ya iso, mun gode. Muna so ka zo ko ka turo babban ɗanka ya hau ya gani da idonsa." Mutumin da aka girmama haka, ya hau ya ga ba a ganin komai nasa, da wuya ya sake magana, shi zai ma riƙa kare ku a unguwa. Shi kuma maigida ya fita kunyar da ta sa shi zarcewa. In kuna so abin ya ƙara ƙarfi, a yi a gaban mai unguwa, a yi alkawarin juna cewa duk wanda zai ɗora bene nan gaba zai kiyaye ɗan'uwansa haka.

Wanda ya zana muku ƙaton gilashi yana kallon yamma, a saman tsakar gidan mutane, ina shakkar ya taɓa taka filin. Zane da yawa daga intanet ake kwaso su, na ƙasashen da ke marmarin rana, a canja suna a miƙo. Ku nemi mai zanen gine-gine da ke da rajista da hukumarsu ta ƙasa, wato ARCON, da injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi, wato COREN, tunda bene ne, ga su nan a gari, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejin fasaha ta tarayya da ke kan hanyarku suna yaye su. Sharaɗinku shi ne ya zo filin, ya kuma zana muku gidan a yanke ta gefe, da katanga da gidan maƙwabci da layin ido a kai, ba hoton gaba mai sheƙi kawai ba. Sabon zanen ne za a kai wa hukumar raya birane ta jiha don amincewa, a can ne kuma za a faɗa muku tazarar da doka ta ce a bari daga kowace iyaka. Gyara a takarda kuɗin zane kawai zai ci. Bayan an zuba dekin, sai guduma.

Kin ambaci kuɗin gadonki. Kada ki jawo shi cikin wannan gardama, don da kin ce "ai da kuɗina a ciki" maganar ta tashi daga taga ta koma wa ke da gida, kuma ba za ki ji daɗin inda za ta tsaya ba. Amma bayan kun shirya, a wani zama daban, ki nemi a rubuta abin da kika sa, kyauta ce ko rance ko tarayya, da shaidu. Ba rashin yarda ba ne, Alƙur'ani da kansa ya yi umarni da rubuta bashi, kuma gida abu ne da ke wuce masu shi ya faɗa hannun magada.

Zai yiwu a yi gwajin a tarar gidan dattijon ya yi kusa ƙwarai, ko filinku ya fi nasa tudu, yadda ba tsawon bangon da zai ɓoye shi ba tare da ya ɓoye duwatsun ba. In haka ta faru, ki bar barandar yamma, a mayar da ita kudu ko arewa inda babu tsakar gidan kowa a ƙasa, ko da gefen dutsen kawai za ki samu. Abin da ba zan ce ki bari ba shi ne tagogin sama na layi bakwai da jan ginin zuwa gabas. Waɗannan ba su taɓa haƙƙin kowa ba, kuma iska da hasken yaranki da na Hajiya a kansu suke. Ki faɗa wa maigida haka kafin a kira masu haƙa harsashi, don inda aka kafa turakun farko nan gidan zai zauna.